Kurkunun da Na Ɓoye Cikin Wando

Salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, 'yan'uwa, ku da kuka matsu a ɗakin nan na Kafinta Yusufu kamar awaki a rumfa ranar ruwa.

Yau ban zo ba ku dariya ba. Na san kun saba da Tanko mai baki, wanda ya ce ya taɓa kama giwan ruwa a gulbin Kalgo sai da jakai uku suka jawo shi. Yau a fusace nake. Wanda nake fushi da shi kuwa ga shi tsaye gabanku a kan ƙafa ɗaya da rabi!

Kun san da na dawo daga dakon sojoji a Lakwaja da sunan Yesu a bakina, garin nan bai ji daɗi ba. Maimakon in kama nomana in yi shiru, sai na shiga kasuwa ina cika baki: "Ni da na kama Almasihu, ko mura ba ta san ƙofar gidana ba!" Wa ya aike ni? Shi dai bai sa ni ba. Bakina ne.

Damina na faɗuwa, kurkunu ya fito mini a ƙwauri, yana ci kamar garwashi.

Kowa ya san yadda ake yi da kurkunu. Sai a kira mai hannu ya kama kan tsutsar, ya riƙa naɗewa a tsinke, kullum kaɗan, ko za a yi wata. Sannan a kira gayya, maƙwabta su nome maka gona. Amma in na kira gayya, ai shi ke nan: "Ku zo ku ga mai Almasihu kwance!" Sai na ɗaure da tsumma, na zura dogon wando.

Matata Hajo ta ce, "Maigida, mi ya same ka? Ɗakin ga wari yake."

Na ce, "Daddawarki ce."

Ran Lahadi, a nan, Kafinta ya ce, "Ɗan'uwa, wanga ɗingishi fa?" Na ce sabuwar rawa ce na koyo a Lakwaja. Kuka fashe da dariya. Dariya! Ku bakwai, babu wanda ya ce, "Ɗaga wandon nan mu gani." Da ku ma ina da magana, amma bari in gama da kaina tukuna.

Na laɓe bayan rumbu, na kama tsutsar da kaina, na fizge don a gama rana ɗaya. Ta tsinke a ciki. Wayyo! Kafin kwana uku ƙafa ta zama turmi. Ciyawa ta haɗiye gerona, Hajo ita kaɗai da hauya, tafin hannunta duk ya fashe. Ni kuwa ina ta cewa ƙaya na taka.

Wata rana da tsakar rana na ja jiki zuwa gona don a gan ni, na faɗi cikin kunyar gero, ƙuda sun yi mini rumfa. Nan na yi wa Ubangiji faɗa. Na ce, "Ya Yesu, haka za ka yi mini? Ni da nake rufa wa sunanka asiri?"

Sai na ji a zuciyata, sarai: "Sunana kake rufa wa asiri, ko naka?"

'Yan'uwa, na yi kuka har da majina. Na buɗe bakin nan da ya jawo mini, na ƙwala ihu: "Jama'a, ku taimake ni!"

Wa ya fara zuwa? Malam Jibo, maƙwabcin gonata, wanda na fi tsoron dariyarsa. Bai yi dariya ba. Goya ni ya yi har gida. Kafinta ya ɗora ni a jaki, kwana biyu muna hanya har Gwandu, gidan kawuna Sanda wanzami, wanda na shekara uku ban gaishe shi ba saboda gardamar addini.

Kawu ya yaga wandon, ya toshe hanci. Ya ce, "Ɗan banza! Sai da ta ruɓe? Da ka ƙara kwana uku, gatari zan ɗauko, ba aska ba."

Na ce, "Kawu, na ɗauka ba za ka taɓa ni ba."

Ya ce, "Rufe mini baki. Addininka tsakaninka da Allah. Ƙafar ga ta ɗan ƙanwata ce."

Ya tsaga, mugunya ta cika ƙwarya. Kwana arba'in yana wanke ni kamar jinjiri. Ashe akwai tsutsa ta biyu a ciki, ya naɗe ta a tsinke; da an miƙe ta, da ta kai garin Diggi ta dawo.

Da na komo Kalgo, na tarar Malam Jibo ya kira gayyar da na ƙi kira. Amma an makara. Rabin gero ya tafi, gwiwar nan kuma ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Ko durƙusa wa Ubangijina ba na iyawa, a tsaye nake addu'a kamar shamuwa. Ba kurkunu ya yi mini haka ba. Kurkunu wata ɗaya yake so. Girman kai ne ya ci gwiwata.

Duk da haka, godiya ga Yesu da ya bar mini ƙafar, ya kuma aiko mini da hannayen da na raina!

Ku dogara gare shi, ku bar ɓoye-ɓoye. Kai kuma ɗan'uwa da ke bakin ƙofa, tun ɗazu kake jan riga kana rufe ƙafa. Na gan ka. Kada ka ce mini ƙaya ce, ni na ƙirƙiro wannan ƙaryar. Ɗaga mu gani.

Amin.