Sunan Malam a Cikin Ordinatar

Hamsatu: Alo? Auta? Muryarka kamar daga cikin rijiya.

Huzaifa: Ni ne, Inna. Ina wuni? Ina gajiya? Ya Dakoro?

Hamsatu: Lahiya lau. Ina sanyin Turai? Kana dai cin abinci?

Huzaifa: Ina ci. Ya gida?

Hamsatu: Gida ga shi nan. Na rasa miji, na rasa ɗa, na samu ruhin kwano da ɗaki biyu ba mai kwana ciki. Yaushe za ka taho?

Huzaifa: Inna... bana ma ba ni samu. An kusa tada babbar na'urar, tsarin da nike rubutawa bai ƙare ba.

Hamsatu: Rubutun tsintar ƙurar nan?

Huzaifa: Ƙwayoyin da muke tsinta sun hi ƙura ƙanƙanta. Na'ura ke gwara su, su tarwatse. Ni ke rubuta ma ordinatar, wato kwamfuta, ƙa'idar da za ta bi, ta ɗebi masu amfani, ta zubda saura.

Hamsatu: Shiƙa ke nan! Ga hatsina jibge a gona can Korahane, kai kana ma Nasara shiƙa.

Huzaifa: In aiko maki firji?

Hamsatu: Albarka.

Huzaifa: Kujerar Umra?

Hamsatu: Albarka! Uwa ake saye da... Alo? Alo!

Huzaifa: Rezo ne, layin waya ke yankewa. Ina jin ki.

Hamsatu: Abin nan naka, yana da suna?

Huzaifa: Dole. Da sunan ake kiran shi ya yi aiki, duk sa'ad da ƙwayoyin suka gwaru. Ba dare ba rana.

Hamsatu: To sa mashi sunan ubanka. Tunda ka ƙi aure balle a samu takwara.

Huzaifa: Jimrau?

Hamsatu: Allah Sarki...

Huzaifa: Inna? Kin katse?

Hamsatu: Ina nan. Tun rasuwar Malam ban ji an hwaɗe shi ba. Ni kuwa ka san bakina bai taɓa kama shi ba, ba yau zan hwara ba. In ordinatar ta kira shi, ka kanga mani talho in ji.

Huzaifa: Ba ta magana, Inna. Rubutawa take yi.

Hamsatu: To ni karatu gare ni? Kai za ka karanta mani.

Huzaifa: Duk wata.

Hamsatu: Albarka.

Huzaifa: Inna, kiredin wayata na ƙarewa!

Hamsatu: Duk Juma'a, da bakinka, ka hwaɗe shi da ƙarhi. A haka na sallama maka sunan baban...