Bijimin Aro Daga Wurogauri

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni makiyayi ne daga Masama, ina so 'yan'uwana su ji abin da ya same ni.

Baffana yana da wata al'ada. Duk bayan shekara biyu sai ya taka har Wurogauri ya aro bijimi wurin amininsa, alhali muna da namu. Na sha yi masa dariya. Yakan ce, "Ɗana, garken da jininsa ɗaya ne, cuta ɗaya ke kwashe shi."

Da na ware nawa garken, na sayi bijimi mai jinin Turai, shi kaɗai ke barbara. 'Ya'yansa kyawawa, ga nono. Bara da damina kaska ta kawo zazzaɓi. Duk da allurar likitan dabbobi, 'ya'yan bijimin suka kwanta tare, biyar suka mutu. Shanun Baffa kuwa, wasu sun rame, amma ko ɗaya ba ta faɗi ba.

Washegari na tarar Baffa ya ɗaure mini karsana biyu a turke.

Malam, a tambayo mana likitoci: me ke cikin jinin shanunmu na gida? Kuma a gaida mini Baffa, na san rediyo na kunnensa. Baffa, jibi tare za mu Wurogauri, ni zan ja igiyar.