Wayoyi Biyu da Mai Madubi Ya Sauya

Shugaban jami'a, shugaban tsangaya, malamai abokan aiki, Maman 'Yan Biyu da 'ya'yanki, ɗalibai, assalamu alaikum.

An zaɓe ni in yi magana saboda shekara ashirin da shida muna ɗakin bincike ɗaya da marigayi. Wai ni na fi kowa saninsa. Gaskiya ne. Ni ne kuma na fi kowa ƙyashinsa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya kasance mutum mai hannu. Aikinmu, ga waɗanda ba su sani ba, shi ne kama ƙwayoyin zarra. Mukan zuƙe iskar wani akwatin ƙarfe, mu harba hasken leza ta fuska shida, mu haɗa da maganaɗisu, har ƙwayoyin su yi sanyi su taru wuri guda. Da kaɗawarsu ake saita agogon da ba ya kuskure. Teburinmu na da madubai sun fi tamanin, kowanne kamar bakin kofi. Ni sai in wuni ina murɗa ɗaya, haske ya ƙi zama. Shi ya shigo yana tauna goron da likita ya hana shi, ya taɓa da yatsa biyu, shi ke nan. Shi ya sa aka sa masa Mai Madubi. Ni kuwa aka bar ni da Malam Lissafi, sunan da ko 'ya'yana ba sa so.

Ya kasance mai jan ɗalibai. Ni zan koyar da su wata huɗu, in sun gama su tafi ofishinsa godiya. Haba jama'a!

Ya kasance mai rufa asiri, kuma nan ne ciwon yake. Lokacin da muka fara, ni na yi lissafin ta inda wuta za ta bi cikin naɗin wayar maganaɗisun. Wata takwas muna leƙa akwati, ba ko ƙwaya. Muka zargi leza, muka zargi famfon iska, har fankar ɗaki ta sha zagi. Wata ranar Talata da hantsi ya ce, "Malam Lissafi, je ka haɗo mana shayi mana." Kafin in dawo, ga wani ɗan ɗigo yana haske a tsakiyar akwatin. Kowa na ihu. Ya ce wa shugaban sashe, "Lissafin mutumin nan ne, ni dai madubi na goge."

Da aka watse na duba bayan teburi. Ya sauya wayoyi biyu, ja ta koma wurin baƙa. Na sa alamar ɗebewa inda ya kamata in sa ta tarawa, shi ya sa maganaɗisunmu yake korar ƙwayoyin maimakon ya tara su. Ya gano, ya aike ni shayi don kada in ji kunya.

Kun ɗauka na gode masa? Wallahi haushi na ji. Ya fi ni hannu, na haƙura, sai kuma ya fi ni hali. Sunana ya zo farko a takardar da muka wallafa. Aka ba ni kujerar farfesa kafin shi. Aka liƙa allo a ƙofar ɗakin da sunana. Kullum ta ƙarƙashinsa yake wucewa ya ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" Ko sau ɗaya bai yi min gori ba. Da ya yi, da na samu abin riƙewa.

Maman 'Yan Biyu, kin taɓa tambayata me ya sa mijinki kullum yake baya a hoto. Na ce miki ba ya son kyamara. Ƙarya na yi miki, ki yafe mini. 'Yan Biyu, babanku ne ya kama ƙwayoyin nan, kawunku shayi ya tafi haɗowa.

Shugaba, ga allon nan a jakata. Da safen nan na kwance shi, da sukudirebarsa ma, don tawa ta ƙi kamawa. A rubuta sunan mai shi.

Mun gode da kuka zo. Ina kallon kujerun nan babu ɗaya a banza, kuma ba zan ɓoye muku ba, ko wannan ma ina ƙyashi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya cire mini abin nan kafin in je in same shi.