Wani "Baba" na bin motar Yayana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu saurare.

Yayana Sani direba ne, yana ɗauko hatsi daga kasuwar Moriki zuwa Kaura Namoda. Saboda halin da hanya take ciki, muka sa masa wata manhaja a waya mai nuna inda yake, don hankalin Inna ya kwanta. Shekaranjiya na duba sunayen masu ganin tafiyarsa. Akwai ni mai duba wa Inna, akwai matarsa, sai wani "Baba". Mahaifinmu kuwa ya daɗe da rasuwa.

Na ce, "Yaya, wa ka ba wayarka?"

Ya ce, "Ba kowa, sai masu caji a tasha. Mi ya faru?"

Direbobinmu haka suke barin waya wurin caji, a buɗe. Wani ya ƙara kansa cikin sunayen, manhajar ba ta nemi izinin Sani ba, ba ta kuma sanar da shi ba. Mutumin ya san lokacin fitarsa da inda yake rage gudu saboda ramuka.

Na rubuta wa kamfanin cewa ran mutum ne a hannunsu. Sun amsa da hanzari: sun gode, in daure in ba manhajarsu taurarin yabo.

Masu saurare, ina ake kai ƙarar irin wannan kamfani? Gobe Sani zai hau hanya, ni kuma na kashe wayarsa na ɓoye. "Baba" ba zai san inda yake ba. Inna ma haka.

Taku, Hadiza, Kaura Namoda.