Ranar da Aka Share Ciyawar Tafki

Mai girma shugaban taro, dattawan masunta, malaman gona, 'yan'uwana mata masu bandar kifi, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ba ni damar magana, ni da na tsufa a gaban murhun banda, murhun da yau ya huce har kyanwa ke barci a cikinsa.

Da farko, ku tuna bara waccan, da aka share ciyawar bakin tafki, aka yi wa gansakuka feshi don jiragen 'yan yawon shaƙatawa su sami hanya. Ruwa ya yi garau kamar madubi, kowa na cewa ya yi kyau. Ashe rumbun tafkin ne aka ƙone.

Na biyu, jama'a, kifi ba ruwa yake ci ba. Rana ke ciyar da ciyawa, ciyawa ta ciyar da ƙwari da tsutsa, ƙananan kifaye su cinye su, manya su haɗiye ƙanana, sannan mu mu ɗora tukunya. Babu mai karɓar ƙarfi daga rana hannu da hannu sai ganye. Sauranmu duka a bakin wani muke samun rabo, kuma kowa sai ya ƙona kaso mafi yawa wajen iyo da numfashi kafin ragowar ta iso na gaba.

Wata rana maigidana ya dawo da tarwaɗa ɗaya tak, ya ce, "Uwar yara, dubi wannan, kai kamar tulu, jiki kamar tsinke. Ba ni na kama ta ba, yunwa ce ta miƙo mini ita." Muka yi dariya. Kafin damina ta zagayo ya sayar da kwalekwalensa. Mutumin da ke gane inda kifi yake daga motsin ruwa, yau ƙofar wani kanti yake gadi a birni.

Da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Roƙona ɗaya ne: ciyawar da ta fara tsirowa ta gefen mashaya, a bar ta, don Allah a bar ta. Da maigidana zai hau mota ya ce mini, "In ta dawo, ki aiko mini." Har yau ban aika ba, ina jiran in ji abin da za ku yanke.

Allah Ya raya tafkinmu, Ya dawo mana da waɗanda suka tafi, Ya kai kowa gidansa lafiya.

Na gode.