Wanda Ya Ɗinka wa Jar Motar Tanut Riga

Jawabin Sidi Ɗan Gangara, ta waya daga Torino, ranar sadakar arba'in ta Malam Attahir Toliye, mai gyaran jikin mota

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Wakilin Perefe, wakilin Magajin Gari, wakilin Sarki, Malam Liman da malamai, Sarkin Maƙera ranka ya daɗe, Hajiya Raishatu uwargidan marigayi, ɗana Sulaiman ɗan marigayi da ƙannensa, yaran garaj, dangi na Gangara da Tarka da Belbeji, assalamu alaikum.

An ce mini an jingina wayar a bakin lasifika. Ba na ganinku, muryoyinku ma rabi-rabi suke iso ni. Takardun zama sun hana ni zuwa jana'iza, sun hana ni zuwa yau. Wanda ya ce Turai daɗi, ya zo mu yi musaya.

Attahir taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Saboda haka in kun ji na taɓa shi, hakkina ne, ko kabari bai raba wasan taubasai ba.

Ya kasance mutumin da ba ya iya ganin ƙarfe a lanƙwashe ya wuce. Ya kasance wanda in motar ɗaukar marasa lafiya ta faɗa rami a hanyar Belbeji, shi ake tasowa, ya miƙe mata jiki kafin wata mai naƙuda ta buƙace ta. Ya kasance wanda makiyayan Tarka suke kawo wa kwamin shayar da dabbobi in ya tsage. Ƙofofin lakwal, wato makarantar boko, amalanken jakuna, kurar masu ruwa: mu mutanen Damargu mun daɗe muna zaune a cikin aikin hannunsa ba mu lura ba.

Kuma ya kasance shigege. Ku yi haƙuri, kalmar da aka yi ta jifansa da ita ce, wasu masu jifan suna zaune a tabarmar gaba. Mu manoman hatsi ne, ba mu gaji guduma ba. A wajen maƙeran garinmu kuwa, ranar da za a yaye mai koyo sai ya tashi ya jera: na koya wajen wane, shi ya koya wajen wane, har a kai kakanni. Yaran Attahir in sun tashi, suna ɗaya suke faɗi su yi shiru. Sai wani daga baya ya ce, "To, shi kuma fa? Aljani ya koya masa?" A yi dariya. Ban ce maƙera sun yi zalunci ba. Da wannan jerin suke sanin hannun da za a amince wa. Amma dariyar ta yi yawa.

Yara ba su san asalin abin ba, bari in faɗa. Muna samari, wani Bature ɗan Italiya ya biyo hanyar Agadas da wata jar mota marar rufi, gajera, cikinta kusan a ƙasa. Abin da ya kai shi shiga rairayi da ita, Allah kaɗai Ya sani. A bayan kamiyo, babbar motar kaya, ta iso Tanut. Ya aje ta bayan tasha ya ce zai dawo, bai dawo ba. Mu muka yi ta hawa muna tuƙin ƙarya. Attahir kuwa ya kwance ƙofa ɗaya ya juya cikinta, ya ga sawun guduma jere kamar kunyoyin gona. Ya samo tsohuwar tano, duron ƙarfe, ya fasa, ya dinga bin sawun nan bugu bayan bugu har ƙarfe ya fara yi masa biyayya. Kawu, ubansa, ya yi ta faɗa, gona tana jiran noma. Shi dai yana cewa, "Wanda ya bugi wannan ƙofar shi ne malamina."

Daga baya masu zubin tukwane suka gane jikin alminiyon ne. Rabin Tanut ya ci tuwo daga cikin motar nan. Abin da ya rage hotuna biyu ne.

Da ya sami waya mai hoto sai ya turo mini su. Ya ce, "Kai bawana, tunda ka rasa wajen zuwa sai ƙasar su Baturen nan, nemo mini sunan malamina."

Na ce, "Ai sunan mota a goshinta yake."

Ya ce, "Ba mai inji nake nema ba, sakarai. Mai guduma."

Ashe ya fi ni gaskiya. A garaj ɗin da nake goge jikin motoci akwai wani tsoho, Gaspare, da ke zuwa zaman hira. Shi ya bayyana mini cewa a wancan zamani kamar yadi da tela ne: wani gida ya yi inji da ƙashin mota, wani gidan dabam ya ɗinka mata riga. Inji iri ɗaya, riga kala-kala. Kowane tela kuma yana manna 'yar alamarsa a gefe, can ƙasa, tsakanin tayar gaba da ƙofa.

Gaspare ya sa tabarau ya duba hoton farko. Ya daɗe. Sai ya ce, "Ina motar?"

Jama'a, kun san yadda muke ɗaukar hoto. Ba a ɗaukar abu shi kaɗai kamar maraya. Manya sun jeru a gefenta da manyan riguna, sun baza hannuwa, yara sun cika kujeru. Daidai inda alamar take kuma wani saurayi ya tsuguna yana washe baki, ya rufe ta ruf da gwiwarsa. Na buga waya na ce, "Attahir, wane ne wannan mai kunnuwan?"

Ashe shi ne da kansa. Ya ce, "Wurin na fi so, shi ya sa na zauna nan."

Na ce, "To kai da ka kwana ka tashi a wurin, me aka zana?"

Ya ce, "Lokacin ban iya boko ba. Wani abu ne dai mai fiffike."

"Tsuntsu?"

"Ko ƙaho ne. Ko rawani. Sidi, ni cikin ƙofar nake kallo, ba bayanta ba."

Hoto na biyu daga gaba aka ɗauke shi, bayan yara sun ƙwaƙule fitilun, akuya tana tsaye a kan kujerar direba. Gaspare ya kai ni wajen abokansa, tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu a kan irin waɗannan motoci. Ban raina su ba, sun san aikinsu, sun kuma karɓe ni da mutunci fiye da yadda ofisoshin ƙasarsu suka taɓa yi. Ɗaya ya dubi lanƙwasar gilashin gaba ya rantse aikin wani gida ne na Torino. Ɗaya ya dubi ɗan abin da ya fito na mariƙin ƙofa ta ƙarƙashin hannun rigar wani dattijo, ya ce na Milano ne, ko a gaban alƙali. Na uku ya ce hoton ma a juye aka wanke shi, dama ta koma hagu, duk su biyun su sake lissafi. Suka yi ta musu da hannuwa har kofi ya huce. Na fito na fi shiga ruɗewa.

Na faɗa wa Attahir. Ya ce, "Su ma ashe ba su san kakanninsu ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce in ci gaba. Ina cikin ci gaban aka bugo mini cewa ya rasu.

Sulaiman, ɗana, ka yafe mini zan faɗi maganarmu a gaban mutane. Shekaranjiya ka ce, "Baba Sidi, ka zaɓi ɗaya kawai ka faɗa. Wa zai je Italiya ya bincika?" Na san ba don kanka ka faɗa ba. Don Rissa ne. Ga waɗanda ba su sani ba, Rissa ɗan Tarka shi ne babban yaron garaj, da furfura a gemunsa da 'ya'ya a lakwal, har yau ba a yaye shi ba. Attahir ya yi ta ɗagawa, wai sai sunan ya zo, don kada a yi wa Rissa dariyar da aka yi wa na gabansa. Wanda ba a yaye ba kuwa ba ya riƙe garaj da sunansa, ba ya ɗaukar masu koyo. In aka bar shi haka, ƙofar nan rufewa za ta yi.

Hajiya Raishatu, na san kin zauna yau kina jiran ki ji suna. Sunaye biyu suna bakina. Ɗaya ƙarya ne tabbas, wataƙila duka biyun. Ba zan ɗauki mutum in ba shi uban da ba nasa ba, a sana'a ma haka ne. Kuma akwai abin da Gaspare ya faɗa mini da na rasa inda zan aje shi. Ya ce ko an gane gidan, sunan mai gida ne a alamar. Wanda ya riƙe gudumar ɗan ƙwadago ne, ba a rubuta irinsu. Wannan na yarda da shi ba musu, don motocin da nake gogewa ba wadda ta fita da sunana. To wa muke nema ke nan? Wallahi ban sani ba. Ban san ko Attahir ya gane haka ya ƙi faɗa mini ba.

Saboda haka, Sarkin Maƙera, ranka ya daɗe, gare ka na juyo. Al'ada taku ce, ni ɗan manoma ne, ba ni da bakin gyara ta. Roƙo nake. Ka bar Rissa ya tashi ya ce: na koya wajen Attahir, Attahir ya koya wajen wani bawan Allah da ba mu san sunansa ba, ya neme shi har ya mutu. Iyakar gaskiyar ke nan, ba ƙari. In ta isa, ka yaye shi kafin a naɗe tabarmin nan. In ba ta isa ba, ka faɗa a gaban jama'a, mu san matsayinmu.

Na ji hayaniya, amma ban rarrabe ko ta yarda ce ba. Sulaiman, kada ka kashe wayar bayan fatiha. Ka kai ta kusa da bakin Sarkin Maƙera.

Na gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo, da matan da suka tsaya kan tukwane tun safe. Allah Ya jiƙan Attahir, Ya yafe masa, Ya miƙe masa hanya yadda ya miƙe mana abin da ya lanƙwashe. Allah Ya ba Hajiya da yara haƙuri, Ya maida na nesa gida da ransu. Malam Liman, bisimilla, a shafa mana fatiha.