Katin Gayya na Malam Zubair Nagoggo

Yau Alhamis, kwana biyar ke nan da taron tunawa da marigayi Malam Zubair Nagoggo da muka yi a Gwandu. Na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi. Tarin ya lafa, sai dai gwiwar hagu da ba ta jin lallashi, da hannun nan mai rawa. Mutane da dama sun roƙi a rarraba abin da na faɗa ranar Asabar, shi ne na zauna a zaure ina sake kwafe shi kafin baƙon da nake jira ya iso. Wanda ya ga layi ya karkace, ya yi wa hannu uzuri. Ni ne Sahabi Kambaza, tsohon hedimasta, mazaunin Kalgo.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da iyalansa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Uban Ƙasa. Allah ya gafarta malamai, limamanmu na Gwandu da na Kalgo. Dattawan Dodoru da Maruda da Kambaza, sannunku da hanya. Malam Nasiru, shugaban ƙungiyar 'yan wasan Rumbu, da jama'arka. Hajiya Jidda, maiɗakin marigayi, da ke saurare daga ɓangaren mata. Muzzammil da Khairiyya, 'ya'yan marigayi kuma 'ya'yanmu. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

An zaɓe ni in yi magana a kan Malam Zubair Nagoggo ba don na fi kowa baki ba. An zaɓe ni ne don duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya kai ni shan kashi a hannunsa. Ku yi dariyarku, shi ma da yana nan da shi zai fara.

Tare muka shiga elementare, tun lokacin da ake zane mutum in ya ɗiga tawada a littafi. Ni na bi koyarwa, shi ya bi aikin gona. Ya kasance malamin gona shekara talatin da huɗu, yana zagaya Dodoru da Maruda da Kambaza a kan keke, daga baya a kan babur mai tari kamar nawa. Ya kasance mutumin da in ya zo duba gonarka sai ya tuɓe takalmi ya karɓi fartanya, ba daga bakin hanya yake ba da shawara ba. Ya kasance mai haƙuri da taurin kanmu, domin mu manoma in aka ce mana mu bi gero da wake, sai mu ce kakanmu bai yi ba.

Taurin kan nan namu shi ya haifi wasan Rumbu. Da ya yi ritaya ya ce, abin da lacca ta kasa, bari ya gwada da wasa. Ya yanka kwalaye ya zana katuna da hannunsa: Gero, Dawa, Wake, Albasa, Shinkafa, Taki, Huɗa, Ruwan Shuka, Marka, har da na ɓarna irin su Fara da tsuntsun Jan-baki da Ambaliya. Daga baya aka riƙa buga su a Birnin Kebbi, har suka kai iri ɗari da ashirin. Ana tara su, ana musaya. Katin Marka guda bakwai kacal aka buga, shi ya sa wanda yake da shi tafiyarsa ma dabam ce.

Domin waɗanda ba su taɓa zama an yi a gabansu ba, ga yadda abin yake. Kowane ɗan wasa yana zaɓar kati talatin daga abin da ya tara, shi ne ɗaurinsa. Mutum biyu su zauna, kowa ya gauraya nasa, a riƙa ajiye kati bi da bi. Wanda ya riga tara dami ashirin a rumbunsa ya ci. In katuna suka ƙare ba wanda ya cika, to an yi shekarar yunwa, duka biyun sun faɗi.

Allah gafarta malamai, na ga kuna kallona, kuma na san dalili. A garin ilimi irin Gwandu, ba a fito da kati a zauna lafiya. Tsohon limamin unguwarsu, Allah ya jiƙansa, ya aika a kira shi. Nagoggo ya tafi da katunansa a aljihu ya baje su a kan buzu. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba a sa komi, ko goro. Ba mai cinye katin wani. In an ka kira salla, kowa shi kife nashi." Liman ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Can ya ɗaga kai ya ce, "Zubairu, na ga shuka, na ga girbi, na ga rumbu. To ina zakka?" Tun daga ranar nan duk wanda ya kai dami goma sai ya fitar da ɗaya. Yaranmu da yawa a wasan nan suka fara jin nauyinta.

Nagoggo ya kasance gwanin haɗa ɗauri, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa dabararsa ba. Sabon ɗan wasa kullum kuskurensa ɗaya: ya kwaso duk manyan katunan da ya mallaka ya cusa. Nagoggo zai karɓa ya shimfiɗa su a tabarma, ya ce, "Ɗana, ruwa tara, iri ukku? Kwaɗi za ka girba?" Shi nasa tsarin bai canzawa sosai: iri goma, gyaran ƙasa takwas, ruwa shida, sauran na kariya. Yana cewa katin Taki ba ya burge kowa, amma shi ke ciyar da sauran ashirin da tara. Yana cewa kada ka sa kati don yana da wuyar samu, ka sa shi don ya san maƙwabcinsa a cikin ɗauri. Kuma kafin ka ɗaura, ka tambayi da wa za ka zauna. Mu mutanen Kalgo shinkafa muke so, mai jinkiri amma in ta zo ta zo da yawa. Ku na Gwandu gero da albasa, kuna gaggawa kamar ana korarku. Saboda haka in zai zo Kalgo gasa sai ya ƙara gero, ya cika rumbu tun shinkafarmu tana ruwa. Khairiyya kaɗai na san ta taɓa kayar da shi a gasa, da ɗaurin wake zalla, kuma mako guda ya yi yana ba da labarin kamar shi ya ci.

Yanzu bari in zo kaina. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Allah ya karɓi matata Hadiza. 'Ya'ya kowa yana garin aikinsa. Da masu gaisuwa suka watse, gida ya yi mini faɗi. Wata Alhamis sai na ji sallama, ga Nagoggo da jakar fata, ya shiga mota tun daga Gwandu. Bai yi mini wa'azin haƙuri ba. Ya zube mini katuna ya ce, "Hedimasta, zaɓi talatin. Na ji an ce kana da ilimi, mu gani." Daga ranar nan bai tsallake Alhamis ba, sai dai ciwo ko azumi.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, halin tsohon hedimasta na kawo cikin wasa: horo. Na cika ɗaurina da Fara da Jan-baki da Ambaliya. Ban damu in cika rumbuna ba, ni dai in hana shi cika nasa. Rabin wasanninmu shi ya ci, sauran rabin yunwa muka yi tare, kuma in aka yi yunwa ni murna nake. Yakan kalle ni ya ce, "Hedimasta, da kai ne damina da an bar garin ga."

To akwai wani kati guda, Gayya. Dokarsa ita ce: in ka ajiye shi, abokin wasanka ya amsa da nasa, kowannenku ya samu dami biyar. In bai amsa ba, ka yi asarar zagayenka. 'Yan gasa tun da wuri suka gane ba riba a ciki, wa zai ba abokin hamayya dami biyar? Kowa ya watsar da nasa. Nawa da ya ba ni ranar farko, na naɗe shi na toshe tagar ɗakina da shi don ta daina ƙara in ana iska.

Amma Nagoggo, mutumin da ke hana yara ɗaukar katin banza, bai taɓa cire Gayya daga ɗaurinsa ba. Duk wasan da ya faɗo hannunsa sai ya ajiye.

"Gayya, Hedimasta."

"Ba ni da ita."

"To, Allah shi kai mu wani mako."

Ya yi asarar zagayensa, ya ci gaba, sau da yawa kuma ya ci ni duk da haka. Jama'a, ku lissafa: shekara goma sha ɗaya mutumin nan da kati ashirin da tara yake kayar da ni.

Alhamis ɗin ƙarshe da ya zo, jikinsa ya riga ya yi sanyi, na ce masa, "Nagoggo, ka san ba ni da ita, ka san ba ni amsawa. Mi ya sa kake yawo da wanga kati?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kai dai karatu ya yi maka yawa. Mai kiran gayya ba shi tambayar wa za shi zo. Shi dai dama hura yakai."

Bayan mun kai shi makwancinsa, na koma Kalgo na zaro katin nan daga taga. Ya lanƙwashe, rana ta ci launinsa, amma ana karanta shi. Na cire Fara na ba shi wuri. Ga shi nan a hannuna, ku gani.

Malam Nasiru, na ji kwamitinku zai sake buga katuna ƙarshen watan nan, kuma za a cire Gayya tunda ba a taɓa amsa ta ba ko sau ɗaya. Ban ga laifinku ba, ni ne babban mai laifin. Amma ka faɗa mini da bakinka cewa in aka amsa ta a wasa ɗaya kafin a kai wa mai bugu, za ta zauna. Na maimaita a gaban malamai don kada ka manta. Katin Gayya biyu suka rage a ƙasar nan: nawa, da wanda ke cikin ɗaurin marigayi.

Muzzammil, ɗana, jakar fatar tana hannunka. Na san kana so ka adana ta a akwati saboda ƙaunar mahaifinka. Kada ka yi. Iri in ya daɗe a ajiye ba ya tsira. Ka ɗauko ta ka zo Kalgo ranar Alhamis. Kada ka ce ba ka iya ba, ni ma shekara goma sha ɗaya ban iya ba. Ka ajiye katin nan sau ɗaya, in ce maka ina da ita.

Hajiya Jidda, mun gode da aron da kika riƙa ba mu na maigidanki. Kowace Alhamis ke kika haƙura da shi domin wani tsoho ya samu wanda zai yi wa gardama. Khairiyya, ki koya wa 'ya'yanki ɗaurin wake. Ku iyalinsa, ku sani ba ku kaɗai aka yi wa rashi ba. Duk gonar da aka bi gero da wake a Dodoru da Maruda da Kambaza tana ba da shaida a kansa.

Muna gode wa wakilin Uban Ƙasa da malamai da duk wanda ya baro gonarsa a tsakiyar damina ya zo. Ya Allah, bawanka Zubairu ya yi shuka a tsakaninmu, ka cika masa rumbunsa a inda ba fara ba ambaliya. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.

Nan jawabin ya ƙare. Bayan an tashi, Muzzammil ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, in sha Allah Alhamis ina tahe." Shi ya sa tun da hantsi na shimfiɗa tabarmar da muke zama, na roƙi maƙwabciyata Rumaisa ta dama fura ta mutum biyu. Na yi azahar, na yi la'asar, duk motar da ta rage gudu a bakin hanya sai in ɗaga kai. Yanzu rana ta yi sanyi, bai zo ba. An ce an yi ruwa mai ƙarfi ta wajen Gwandu, kuma manomi ba ya barin gona ranar ruwa, ubansa ma ba zai so haka ba. Na sha furata, na sha rabin tasa, ba ta da laifi. Saura Alhamis biyu kafin a kai wa mai bugu. Na gaya wa Rumaisa mako mai zuwa ta sake damawa, ta mutum biyu.